Rediyon Littafi Mai Tsarki da na saya wa Mama, bayan wata 11

Wata 11 ke nan da na saya wa mahaifiyata irin ƙaramin rediyon nan mai karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa. Tun daga lokacin 'yan'uwa a majami'armu da ke Tumfure suke tare ni bayan an tashi sujada, suna tambaya ko yana da ƙarko, ko su ma su saya wa tsofaffinsu. Amsa guntu-guntu a bakin ƙofa ba ta isa ba, shi ya sa na zauna na rubuta abin da idona ya gani. Idan gajeriyar amsa kuke so, e, ku saya. Sai dai akwai abin da akwatin nan yake iyawa, akwai wanda ba ya iyawa, kuma na biyun ne ya fi tsaya mini a rai.

Mama tana ƙauyenmu can ƙasar Kaltungo, ni kuwa neman abinci ya ajiye ni a Gombe. Kusan sa'ar ikilisiyar ECWA ce, wadda aka kafa a 1954. Ba ta taɓa shiga ajin boko ba. A ajin baftisma ta koyi haɗa baƙi tana budurwa, domin tun da 'yan mishan na SIM suka sauka a Kaltungo a 1917, karatu da bangaskiya tafiyarsu ɗaya a wajenmu. Na tashi na tarar da Littafinta mai baƙin bango naɗe cikin tsohon ɗankwali a ƙarƙashin matashi, gefen shafukan Zabura ya yi duhu saboda yawan taɓawa. Fiye da shekara 40 tana Zumuntar Mata, ita ce mai buga tulu. Sai hawan jinin ido ya shigo mata a ɓoye kamar yadda ya saba, ba zafi ba ƙaiƙayi, kafin mu farga ido ɗaya ya tafi, ɗayan kuma saura inuwa-inuwa. Likita bai ɓoye mana ba: abin da ya tafi ba ya dawowa, maganin ɗigawa ragowar kawai yake tsarewa. Ga ciwon gwiwa, ga hanyar majami'ar duk hawa da duwatsu.

Wani zuwa da na yi, ina ɗaura jaka zan tafi, ta ce, "Ɗana, ni kam sujadata ta ƙare. Ba karatu, ba zuwa majami'a, ba tulu. Sai jiran kira." Tun daga Billiri har muka wuce Kumo ban ce wa kowa uffan ba a cikin mota.

A wani shagon littattafan Kirista da ke cikin gari na sami rediyon. Iri biyu matar da ke shagon ta fito mini da su. Ɗaya Sabon Alkawari ne kaɗai, an yi shi da muryoyi daban-daban da kiɗa a ƙasa kamar wasan kwaikwayo na rediyo. Ɗayan Littafin ne gaba ɗaya, littattafai 66, murya ɗaya daga farko har ƙarshe. Na biyun na ɗauka, don na san Mama ba za ta yarda da Littafin da babu Zabura da Ishaya ba. Naira 15,000 ta yanka mini, muka daidaita a 13,500. Kun san yadda kasuwa take, yau wataƙila ya wuce haka. Ta ce, "Malam, ka gwada shi a nan kafin ka tafi, kada ka kai ƙauye ka dawo." Na danna biyu-uku daga farko, na ji yana magana garau, na biya na fita. Da na bi shawararta da kyau, da na hutar da kaina wata tafiya, zan zo kanta.

Girmansa bai wuce sabulun wanki ba. Yana da igiyar ratayawa, da ɗan faifan sola a bayansa, da tocila a kai, da eriya don yana kama FM. Ana cajinsa da irin cajar ƙaramar waya, batirinsa ma ana cirewa a sa wani, kuma ana samunsa a wajen masu gyaran waya. Karatun yana cikin memori ne da ake sakawa a gefe. Sautinsa ya fi ƙarfin jikinsa: a ajiye shi a kan turmi a tsakar gida, wanda ke zaure zai ji kowace kalma. In an ƙure shi yana ɗan rawa, amma Mama ba ta taɓa buƙatar ƙure shi ba. Mai karatun namiji ne, muryarsa a natse, ba ya gaggawa, ba ya kuma yin muryar wa'azi, yana fitar da haruffa yadda ya kamata. Wannan na yaba ƙwarai, don na taɓa jin wasu karatun a waya da mutum yake sauri kamar mai sanarwar cigiya.

Juyin 1979 ne a ciki, wanda ake karantawa a yawancin majami'unmu. Mama kuwa da tsohon juyi na 1932 ta haddace ayoyinta. Shi ya sa in mai karatu ya ce Yahaya, ita Yohanna take cewa. Ya ce Matiyu, ta ce Matta. Ya ce Yesu Almasihu, bakinta ya riga ya ce Yesu Kristi. A ranar farko na kunna mata Zabura 23, ta bi shi aya biyu, sai ta ɗaga hannu ta ce in tsayar. Ta ƙarasa surar da ka, da kalmomin da ta koya tana yarinya, sannan ta ce, "To, sake shi, in ji nasa." Ba ta ƙi sabon ba. Har ta ce wasu wurare a wasiƙun Bulus sai yanzu suka faɗa mata a kunne. Amma wanda tsohuwarsa ta shaƙu da tsohon juyi, ya tambayi mai shago wane ne a ciki kafin ya biya.

Babbar matsalar akwatin ita ce neman wuri. Ba ya faɗin sunan littafi in ana dannawa, lamba kawai ya sani. Surorin Littafi Mai Tsarki 1,189 ne, an jera su daga 1 har ƙarshe, Tsohon Alkawari ya cinye 929, Matiyu sura 1 ta zama lamba 930. Takardar da ke cikin kwalin da Turanci take, rubutun kuma ƙanana kamar ƙwayar gero. Abin da aka yi don marasa gani, a ce sai mai ido da gilashi zai iya sarrafa shi, wannan kam ba a kyauta ba. Dare guda na kwana ina lissafi, na rubuta lambobin da manyan baƙaƙe a bayan kwali na manna a bango don jikarta 'yar aji biyar da ke kwana da ita: Zabura 1 ita ce 479, Zabura 23 ita ce 501, Zabura 121 ita ce 599, Ishaya 53 ita ce 732, Yahaya 14 ita ce 1011, Yakubu 1 ita ce 1147. Ƙanwata ta ɗiga jan farce a kan maɓallin 5 da na kunnawa, ta bari ya bushe ya yi tudu, sai ga Mama tana laluba da babban yatsa tana gano sauran daga nan. Cikin mako biyu ta iya danna 5, 0, 1 da kanta. Maɓallin da ke juyawa zuwa FM kuwa yana manne da na tsayarwa, kuskure kaɗan sai ka ji shuuu da ƙarfi a kunne. Salatif na sa na rufe shi.

Wani aibin kuma, in batir ya mutu ƙurmus ko memori ya motsa, ba ya tuna inda ya tsaya, sai ya koma Farawa sura 1. Ga mai ido ƙaramin abu ne. Ga wadda take tsakiyar Ayuba da dare, jika ta yi barci, ba ƙarami ba ne.

Solar kuma kada ku dogara da ita. In aka yi masa caji da wuta yana kai awa shida yana magana. Yinin rana guda kuwa a bazara bai fi ya ba da awa ɗaya da rabi ba, da marka ta sauka a watan Agusta sai ka ce ado aka sa. Na kuma hana a ɗora shi a kan kwano da tsakar rana, don zafi yana kashe irin wannan batir da wuri. Hantsi ya ishe shi. Yanzu sau biyu a mako jika take kai shi wurin mai cajin waya. Ya faɗi daga kan gado ya fi a ƙirga, sau ɗaya akuya ta ture shi daga kan turmi, ƙurar hunturu ta shiga ko'ina, har yau yana aiki. Eriyar ce kawai ta karye, ba mu kuwa damu da ita ba.

Tafiyar da na ce zan zo kanta: mako uku da kai shi, jika ta kira ni ta ce daga Irmiya zuwa gaba wasu surori suna ƙara suna tsallakewa. Memorin ne mara kyau. Na je na ɗauko na mayar shagon. Matar ba ta ja da ni ba ko kaɗan, ta ba ni haƙuri, ta sa aka zuba karatun a sabon memori, kuɗin memorin kaɗai na biya. A wannan karon na zauna a benci na gwada farko da tsakiya da ƙarshe har lamba 1189. Mai saye ya yi haka tun ranar farko.

Nan batun akwati ya tsaya. Saura abin da ban saya ba amma na samu.

Ni mai kaɗa kibod ne a majami'armu, shekara 9 ke nan. A tsarinmu na ranar Lahadi akwai abin da muke kira lokacin yabo da sujada, wajen minti 20: waƙoƙi masu sauri su ne yabo, masu sanyi su ne sujada. Da daɗewa na saba auna Lahadi da abin da nake hangowa daga inda nake zaune, hannaye nawa suka tashi, wa ya share hawaye. In janareta ya mutu a tsakiyar waƙa mukan tsaya muna kallon juna, kowa ya san a ransa cewa yau sujada ta lalace. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba ko a kunnen wa ta lalace. Shi ya sa da Mama ta ce tata sujadar ta ƙare, na ji zafi amma ban ƙaryata ta ba, don a ma'aunina gaskiya ta faɗa.

Da hutun Ista na kwana uku a gida. Asuba ta fari, zakara bai gama cara ba, na ji muryar mai karatun ƙasa-ƙasa daga ɗakinta. Na fito na zauna a dokin ƙofa ba tare da ta sani ba. Tana zaune a tabarma, ta miƙe ƙafar da ke ciwo, ta lulluɓa da zanen Zumunta, akwatin yana tafin hannunta kusa da kunci. Sura ɗaya tak ta saurara, ta kashe. Ta yi shiru har na zaci barci ya ɗauke ta. Can sai ta fara magana a hankali, kamar mai yi da wanda ke zaune gefenta. Ta gode don ruwan da ta sha jiya, don jikar da ke jan ta. Ta kira sunayenmu ɗaya bayan ɗaya har da matanmu, ta kira fasto, ta kira wani yaron maƙwabta da ya shiga shaye-shaye, ta kira maƙwabciyarta Musulma da ke jinyar miji. Ta ce a gafarta mata tsawar da ta yi wa yarinya a kan gishiri. Sannan ta rera baiti ɗaya na waƙa, muryar ta tsufa tana karyewa, tana buga gwiwarta da tafi a madadin tulu.

Da gari ya waye na ce, "Mama, me ya sa kike kashewa bayan sura ɗaya? Ai akwai caji." Ta ce, "In babba ya yi maka magana, ba ka amsawa? Sai ka bar shi ya yi ta zuba kana kallonsa?"

Ran nan da yamma na danna mata 1001, wato Yahaya 4, labarin Basamariyar nan a bakin rijiyar Yakubu. Matar ta kawo wa Yesu tsohuwar gardama, ko a kan dutsensu ake sujada ko a Urushalima. Ya ce mata lokaci na zuwa, har ma ya yi, da masu sujada na gaskiya za su yi wa Uba sujada a ruhu da gaskiya, irin su kuwa Uba yake nema. Na sha jin wa'azi a kan wurin nan, na sha kaɗa kiɗa a ƙarƙashinsa. Mama ta sa a maimaita mata, ta shafa tabarmar da take kai, ta ce, "Ashe nan ɗin ma ya isa." Tun daga ranar ban sake jin ta ce sujadarta ta ƙare ba.

Abin da ya fi girgiza ni ban gan shi da idona ba, ƙanwata ce ta ba ni labari. Akwai tsohuwar gaba tsakanin Mama da faccalarta a kan iyakar gona tun bayan rasuwar Baba, shekara 6 ba gaisuwa, a majami'a ɗaya kuwa suke, zanen Zumunta iri ɗaya suke ɗaurawa. Dattawa sun shiga, mu 'ya'ya mun shiga, abu ya ƙi. Wata safiya tana bin Matiyu a jere ta iso lamba 934, inda Yesu ya ce in ka kawo baikonka gaban bagade, ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana da kai, ka bar baikon a nan, ka je ku shirya tukuna. Ta kashe akwatin, ta ce wa jika ta miƙo mata sanda. Matar da ba ta iya hawa zuwa majami'a, ta tsallaka kwari da jagora, tana hutawa a kan duwatsu, har ƙofar gidan. Ta yi sallama, ta ce, "Yaya, na zo ne ki yafe mini." Ƙanwata ta ce sun daɗe suna kuka a zaure. Maganar iyaka ba ta warware a ranar ba, har yanzu dattawa na kanta, amma bana faccalar ce ta aiko mata da sabuwar gyaɗa. Ayar nan ta san ta tun kafin a haife ni. Na tambaye ta me ya bambanta wannan karon, ta ce da tana da ido takan karanta ta wuce, yanzu kuwa ba inda za ta wuce ta je.

Ban dawo Gombe na jefar da kibod ba. Zabura 150 da kanta ta ce a yabe shi da ƙaho da molo da kuge masu amo, kuma ina ganin kiɗa mai kyau hidima ce. Abin da ya canza, na daina kiran minti 20 ɗin nan kaɗai sujada, tunda Romawa 12 ta ce ibadarmu ita ce miƙa jikinmu gaba ɗaya hadaya rayayyiya. Akwai wani ɗan kwayarmu da muka yi wata takwas muna gaisawa sama-sama saboda wata magana a kan kuɗin gyaran sifika. Kowace Lahadi yana riƙe da makirfo, ina bayansa ina ba shi kiɗa, jama'a na ɗaga hannu. Makon da na ji labarin Mama na same shi a shagonsa a Jekadafari, muka zauna.

Yanzu ga gargaɗin da ya sa na ce ku saya amma ku yi hankali. Da labarin akwatin ya bazu a ƙauye, masu zuwa duba Mama suka ragu. Ba da mugun nufi ba. Kowa ya ɗauka ta sami abokin hira. Ni kaina da nake zuwa duk wata, na fara barin wata biyu, ina kwantar da raina da cewa ai tana jin Maganar Allah. Da na kira ta na tambaya ko rediyo na nan lafiya, ta ce, "Yana nan lafiya, ɗana. Amma in na yi addu'a ba ya cewa amin." Maganar ta shige ni. Ibraniyawa 10:25 da ta ce kada mu bar taruwarmu, mun saba karanta wa masu fashin majami'a ita, alhali ta hau kan mu masu ƙafa ma, game da waɗanda ƙafa ta ƙi musu. Na yi magana da matar fasto. Allah ya saka mata, ba ta tsaya kare kai ba. Yanzu sau ɗaya a wata matan Zumunta a tsakar gidan Mama suke taruwarsu, su zo da tulu su ajiye a gabanta, a danna surar da za a yi nazari kowa ya ji, har waɗanda ba su iya karatu ba, waɗanda dā sukan yi shiru in an ce a buɗe Littafi. Fasto ma yana kai mata Jibin Ubangiji.

Ga mai tsoho ko tsohuwa da ido ya gaza, ko wanda bai sami karatu ba, ban san wani abu na wannan kuɗin da ya kai shi amfani ba. Waya tana iya yin aikin, amma shafa gilashi ba na makaho ba ne, ga kira da saƙonni na katsewa, ga yara na ɗauka. Ku ɗauki mai Littafin gaba ɗaya, ku gwada shi a shago har ƙarshe, ku haɗa da batir na biyu. Kada kuma ku ba direba ya kai. Ku kai da hannunku, ku kwana biyu kuna koya musu lambobin.

Batirin Mama ya fara rauni, awa uku yake yi yanzu, na riga na sayi sabo yana cikin jaka. Ranar Asabar zan tafi. Ta aiko a gaya mini in zo da sabon kwali, ruwa ya taɓa tsohon, kuma in ƙara mata lambobin Ishaya daga sura 40, ta ce akwai wurin da take so mu saurara tare.